Kabarin Mai Dawaki

Gari bai gama wayewa ba Bu Tae-gon ya soke lauje a ɗamara ya kama hanyar dutsen Halla. 'Yarsa Gyeong-ja na biye da shi, goye da jakar abinci. Ya haura tamanin. Kowace shekara kafin bikin kaka sai ya hau ya yanke ciyawar kabarin ubansa, makiyayin dawaki, wanda aka binne can sama inda ya yi kiwo. Bana 'ya'yansa maza da ke birni, ƙetaren teku, sun yanke magana: in tsoho bai kai da ƙafarsa ba, za a tone ƙasusuwan a sauko da su maƙabartar gari. Ya ce ya ji.

"Baba, karɓi sandar nan."

"Kai wa mijinki. Shi ne mai tumbi."

"Shi yana gida yana sharar barci. Ya fi mu wayo."

"Ya fi ki dai."

Hanyar ba kowa sai hankaki. Suka wuce daji, itatuwa suka gajarce, suka ƙare. Ƙasa ta koma baƙin dutse mai huji-huji, wanda wutar cikin Halla ta amayar tun ba a san ƙirga ba, yana gurzar takalmi. Yana yaro, nan fili ne fetal, dawaki sun kwashe ciyawa har ƙasa. Ubansa kan yi fito sau ɗaya, garke ya ɗago kai gaba ɗaya. Tun da aka hana kiwo, gajeriyar gora ta cinye ko'ina, har ƙugu. Tae-gon ya tsaya ya gwada fiton. Iska kawai ta fito.

Rana ta take tsaka suka bar hanya suka kutsa cikin gorar. A bakin wani kwari ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaguwa. Ya zage ta. Ya sake gwadawa, sai ga shi zaune. Can ƙetaren kwarin yana hango bakin katangar kabarin, baƙaƙen duwatsu da shi da yayyensa suka jera da hannunsu. Jifa biyu zai kai.

"Hau bayana, Baba. Wa zai gaya wa 'yan'uwana?"

"Ni zan gaya musu."

"Taurin kai dai!"

"A wurin wa kika gada?"

Ya daɗe yana kallon katangar. Yankan ciyawar kabari aikin maza ne, a gidansu mace ba ta taɓa yi ba. Ya zare laujen ya miƙa mata ta ƙota.

"Ki fara daga wajen ƙafar kakanki. Kada ki tsallake shi. Giyar da ke cikin jaka kuma ki zuba masa a kan kabarin kaɗan-kaɗan, ba ya son gaggawa."

Ta gangara kwarin, gora ta haɗiye ta. Jim kaɗan ya fara jin sara. Ba haka ake riƙe lauje ba, da kunne ma ya gane. Ya buɗe baki zai yi tsawa, ya fasa. Gajimare ya taso daga ƙasa ya rufe katangar, ya bar masa ƙarar kawai. Ya gyara zama, ya cire hula, ya sunkuya daga inda yake har goshinsa ya taɓa dutse.

Ta dawo hannu duk yanka. Ta ɓare lemo ta ba shi rabi.

"Ana ganin teku daga can?"

"Gajimare ne kawai, Baba."

"A da ana gani. Har jiragen masunta."

Ya cinye lemon, ya goge baki.

"Ki gaya wa 'yan'uwanki su zo su ɗauke kakanku. Amma katangar kada wanda ya taɓa ta."

"Katanga ba kowa a ciki?"

"Na ce kada a taɓa."

Ya miƙa hannu. Ta kama, ta ɗaga shi, suka juya ƙasa.