Gordon da Direban Katin Hoto

Shekara talatin Gordon Pelletier ya yi yana tuƙa bas a Winnipeg. Da ya yi ritaya sai ya koma tuƙa jirgin sama a kwamfuta. Wata Asabar da hantsi jirgin ya fara tafiyar hawainiya, hoton yana tsayawa yana fizga.

"Direba ne," in ji Gordon, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, na'urar da ke cikin kwamfuta mai fitar da hoto a allo. Ya san maganin, ko dai yana jin ya sani. Ya sauko da sabon direba ya ajiye, ya cire wayar intanet don kada kwamfutar ta ɗauko wani da kanta, ya goge tsohon tas har ɓurɓushinsa, ya kashe ya kunna, ya ɗora sabon.

Jirgin ya ci gaba da rarrafe.

Ya sake. Ya kuma sakewa da direban bara. Azahar ta wuce, kofinsa ya huce, gumi ya jiƙa masa wuya. A ransa ya ce, "Kai Gordon, ka ji kunya. Tsohon direba guda, direba ya gagare ka."

Matarsa Lorraine ta leƙo da kwandon wanki a hannu.

"Injiniya, har yanzu ba a tashi ba? Fasinjoji sun gaji fa."

"Don Allah bar ni. Aikin nan ba a yinsa da surutu."

"To. Af, jiya na janye teburin na share bayansa. Wata baƙar waya ta fita, na mayar maka."

Gordon ya juyo. "Kin mayar a ina?"

"Inda ta shiga mana."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya leƙa bayan akwatin kwamfutar. Ashe baƙar wayar ta allo ce, ga ta can a ramin sama, wanda ba nata ba. Katin hoton yana ƙasa, ba abin da ke jone da shi. Tun safe yana yi wa mai lafiya magani.

Ya mayar da wayar wurinta. Jirgin ya tashi sumul.

"Dama goge-gogen ya zama dole," in ji shi, bai ɗago kai ba.

"Ai na gani. Tunda hannunka ya faɗa da gogewa, tagogin kicin na jiranka."

Ya dafa tebur ya miƙe, ya tafi neman tsumma.