Jakar Kawu Percy

Tevita Latu, mai kula da kwamfutocin hukumar lafiya, na cikin cin abincin rana wayar teburinsa ta yi ƙara. Noelene ce, nas ɗin wani ƙaramin asibiti can arewa da garin Cairns, inda kogi ya cinye hanya kwana huɗu ke nan. Da wayar tauraron ɗan'adam take kira.

"Tevita, ina jakar bayanan marasa lafiya? Na buɗe kwamfuta, wayam."

"Layinku na intanet ne ya faɗi, Sista."

"Yau ya fara faɗuwa? Da ko babu layi tana nan."

Gaskiyarta, kuma shi ya cire ta. Makon jiya aka sace kwamfutar wata ma'aikaciya a mota, manya suka ce kada wata kwamfuta ta ƙara riƙe kwafin jakunkunan ofis. Tevita ya danna wuri ɗaya, dokar ta bi kwamfuta ɗari uku. Har yabo ya sha a taro, ya koma gida yana wani ɗaga kafaɗa.

"Kawu Percy ne aka kawo mana asibiti," in ji Noelene. "Ƙafarsa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Akwai allurar da ta taɓa kusa kashe shi, sunanta na cikin jakarsa. Na tambaye shi wacce, ya ce fara ce. Duka farare ne, Tevita."

"Bari in janye dokar."

Yana faɗa kunya ta kama shi. Janyewar ma sai ta bi ta layin da ya faɗi kafin ta isa kwamfutarta.

"Likitanku fa?"

"Yana tiyata. Jirgin sama na ɗaukar marasa lafiya kuma sai iska ta lafa. Kai da ke da makullin kowace jaka, buɗe ka karanta min mana."

Makulli kam yana da shi. Amma ya sa hannu cewa ba zai taɓa leƙa bayanin mara lafiya ba, kuma duk buɗewa kwamfuta na rubuta sunan mai yi. Bara haka aka kori wani. Takardar izinin zamansa a ƙasar nan ma a kan wannan aikin take rataye. Ya kira shugabansa Kerrigan ta wayar hannu, waya a kashe, yana cikin jirgin sama zuwa Brisbane. Ya sake kira, ko da ya san amsar. Tsoro yake ji ƙwarai.

"Kana nan, ko ka mutu ne?" in ji Noelene.

"Ina nan. Samo biro."

Ya buɗe jakar, ya karanta mata sunan allurar harafi bayan harafi, idonsa bai sauka layi na gaba ba.



"Ita ce a hannuna," Noelene ta ce a hankali, ta ajiye waya.

Tevita ya rufe jakar. Ya buɗe sabuwar wasiƙa zuwa ga Kerrigan, ya fara da rubuta ƙarfe nawa ya buɗe jakar Kawu Percy.