Maharbin Yaya

Muna yara, a kan teburin ɗinkin Umma muke wasan: ni ke ƙaga labari, kowa da jaruminsa, dayis irin na ludo ke yanke hukunci. Yanzu mun warwatse, sai ta kiran bidiyo muke yi.

Kafin mu fara na ce, "Sharaɗina ɗaya: jarumin da ya mutu ya mutu."

Yaya ya shafa furfurarsa. "Ban da maharbina. Umma ce ta aike ni sayen zare, Auta ta jefa mini dayis, dodo ya cinye maharbin."

Auta ta tuntsire da dariya. "Har yanzu, Yaya?"

"In babu shi, ba na yi."

Na san zai kashe wayar. Na ce, "Ai maharbin ya bar ɗa, bakan yana hannunsa."

Yaya ya gyara zama. "To, ina dodon?"