Laimar Gonar Turai

Maigandi taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Mutum ne da zai tsaya a kasuwar albasa ya yi musu da dillali tun hantsi har rana ta take, amma ka sa shi ya gaida mace ɗaya tak, sai ya hau gyaran hula. Macen nan Turai ce, matar amininsa Sale, Allah ya jiƙansa. Shi ma Maigandi tasa matar ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya sun watse neman na kansu, daga shi sai injin ban-ruwa.

Gonakinsu maƙwabta ne a bakin fadamar Magarya, layin gamba ne kawai ya raba su. Ta Maigandi tana ƙasa, da rijiyarta da ba ta ƙafewa. Ta Turai tana sama, inda fadama ta fara hawa tudu. Can ne Sale ya haƙa ya haƙa, Maigandi na kwashe masa ƙasa, ba su samu ko ɗigo ba sai marmara. Da Turai ta fita takaba ta ce za ta dasa albasa a wurin, kowa ya tausaya mata, don albasar rani ba ta san haƙuri ba, ruwa ta sani.

Sai ga albasa ta yi kore shar.

Ga abin da ya faru. Maigandi ya tafi har kasuwar Goronyo, inda yake ganin ba a san shi ba, ya sayo dogon tiyo. Ya binne shi daga bakin injinsa, ya bi da shi ƙarƙashin gamba, ya fito da bakinsa a cikin wani tushe can saman gonar Turai. Da azahar, idan mutane sun hau gari salla da cin abinci, sai ya ce shi a gona zai yi tasa. Ni na gano tiyon ranar da na je yankan gambar zana, laujena ya taɓo shi. Na mayar da ƙasa na rufe, ban gaya wa kowa ba sai matata, wato dai na gaya wa Magarya.

Babu wanda ya nuna masa ya sani. Mu nan haka muke: idan dattijo ya ɓoye abu, a taya shi ɓoyewa, amma ba a hana taubashi ɗan tsokana ba.

"Maigandi," na kan ce masa, "mi ka sa albasar Turai kore haka, ga shi ba ta da rijiya?"

"Ƙasa ta, Halliru. Wurin ga shina riƙon laima. Kai mi kas sani ga ƙasa?"

"Ikon Allah. Kai kau injinka na shan mai awa babbar mota."

"Tsuhwa na. Inji in ya tsuhwa haka shika yi."

Ita kuwa Turai takan zo da la'asar ta tarar da fangalinta jiƙe. Sai ta tsaya tana fuskantar gamba, ta ɗaga murya ta ce, "Allah shi saka ma wagga ƙasa da alheri. Ƙasa mai hankali, ga kunya." Maigandi na can duƙe yana cire ciyawar da babu ita. Rani ya zo ya wuce, wani ya zo, suna nan a haka. Ni abin yana ba ni dariya, yana kuma ba ni haushi, don na san yayan Turai, Maccido, yana ta aiko mata daga Rabah cewa zaman kaɗaici ya isa, ta tattaro ta dawo gida. Na faɗa wa Maigandi. Ya ce, "To," ya gyara hula.

Ana nan sai aka ce an ba Magarya rijiyar burtsatse ta ban-ruwa, guda ɗaya, don masu gonakin da ba su da ruwa. Guda ɗaya ce, idan an haƙa ba a dace ba shi ke nan, sai wani jiƙon. Malamin gona Musaddiƙ ya zo daga Wurno da wata ƙatuwar takarda a naɗe, maigari ya tara mu a ƙofar gidansa, aka kafe ta a jikin bango. Taswirar fadamarmu ce, hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Maccido ma yana nan, ya zo ganin ƙanwarsa, aka ba shi tabarma kusa da maigari. Tsofaffin mata masu gonaki suka zauna a gefe, har da Turai.

Sai da aka ɓata lokaci kafin a fara, don kowa neman gidansa yake. Ga gulbin Rima ya kwanta kamar igiyar da aka yar. Ga hanyar Wurno. Wani ya rantse an manta da rumbunsa, wani ya ce an rage masa gona, wani makiyayi ya bi burtali da yatsa har ya fita daga takardar yana tambayar ina sauran. Musaddiƙ yaro ne mai haƙuri, ya bari sai da muka gaji.

Daga nan ya yi bayani. Inda aka shafa ja, ƙasa ce busasshiya. Inda aka shafa shuɗi, akwai laima a tsakiyar rani. Baƙaƙen ɗigo kuwa rijiyoyin da ya bi gona-gona ya sa wa alama ne. Duk inda ka ga shuɗi, za ka ga ɗigo a kusa, wato ban-ruwa ne ya kawo laimar.

"Sai wuri guda," in ji shi, ya ɗora tsinke can sama. "Ku duba nan. Kewaye da shi ja na, shi kau shuɗi, kuma babu rijiya. Rani biyu anka ɗauki hoto, haka shike. In ba a shayar da wurin ga, to ruwa na kusa ƙwarai. Ga shi bisa tudu, in an haƙa nan ruwa shi gangara ma kowa. Gonar wa ta?"

"Tau ta," in ji Turai, ko gezau.

Na waiga na dubi Maigandi. Hular tana hannunsa.

Musaddiƙ bai yi gaggawa ba, gaskiya. Ya ce taswira daga sama take kallo, fatar ƙasa take gani, ba ta san abin da ke ciki ba. "Ku ad da ƙasa, baba. In da wanda yas san wani abu game da wurin ga, shi hwaɗi tun yanzu, kahin in kai suna."

Mutum nawa ne a wurin suka san da marmarar nan? Dukkanmu. Mutum nawa suka san da tiyo? Har makiyayin. Amma kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa, ana satar kallon mutum ɗaya. Maigari, wanda ya fi mu duka iya shege, ya shafa gemu ya ce, "Ai Maigandi ya sha hwaɗi wurin ga na riƙon laima. Shi am maƙwabci, shi yas san shi. Ko ba haka ba, Maigandi?"

Maigandi ya yi wani sauti da ba i ba ne, ba kuma a'a ba.

Ni kuma na ga dama ta samu. "Ranka shi daɗe, ni ma shaida na. Yac ce min ƙasa ta, har yac ce ban san komi ba."

Sai Maccido ya yi gyaran murya. Shi kaɗai ne baƙo, shi kaɗai ne bai san dawan garin ba, don haka da zuciya ɗaya ya yi magana. Ya ce wannan ai sauƙi ne daga Allah. Dama gonar nan ce ta riƙe Turai a Magarya. Tunda gari na bukatar wurin, a haƙa, ladan ya kai ga Sale, ita kuma da an cire albasa ya zo ya tafi da ita Rabah.

Nan dariyar da nake dannewa ta gushe. Na dubi Turai, na ga ta kafe idonta a kan taswira. Na dubi taubashina, na ji tausayinsa har cikin raina. Idan ya yi shiru, rijiyar gari ta tafi a marmara, Turai ta tafi Rabah. Idan ya yi magana, ya tone kansa gaban maigari da tsofaffin mata da yayanta. Ga wanda bai san shi ba zaɓin ba wuya, amma ni na san shi, kuma wallahi na ɗauka shirun zai yi.

Musaddiƙ ya ciro biro. "To, tunda babu mai magana..."

"Babu ruwa nan."

Maigandi ne, a tsaye, hula a hannu.

"Na'am, baba?"

"Nic ce babu ruwa nan. Marmara ta. Ni da Sale munka haƙa, har hannuna yaf fashe. Kar a ɓata ma gari rijiya."

"To laimar ga daga ina?"

Maigandi ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dube ni kamar zan cece shi. Na kau da kai.

"Tiyo na," ya ce, da murya kamar ta mai mura. "Ƙarƙashin gamba. Daga rijiyata."

Maigari ya riƙe baki. "Tiyo? Subhanallahi! Wa zai zaci haka?" Jama'a suka ɗauka: "Ikon Allah!" "Ashe!" "Ka ji wani abu!" Ban taɓa ganin mamakin ƙarya mai yawan wannan ba. Wata tsohuwa ta kasa riƙewa, ta tura gefen gyale a baki, kafaɗunta na girgiza. A nan ne Maigandi ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya gane. Ya ce, "Halliru, kai na." Na ce ni laujena ne ya gani, ba ni ba.

Musaddiƙ ya yi dariya ya ce ashe taswirarsa ba ta yi ƙarya ba, laima dai akwai, mai kawo ta ne ya ƙi a sa masa ɗigo. Ya ce za a duba wajen gangare, a gwada kafin a haƙa.

Maccido kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya juyo ya fuskanci Maigandi. "Malam, rani biyu kana shayar da gonar ƙannata a ɓoye. Ina son in ji, a matsayin mi?"

"Amana ta. Sale aminina na."

"Amana ba ta bukatar a binne ta."

Maigandi ya murɗa hular nan har na ji tausayin mai ɗinkinta. Sai ga muryar Turai daga gefe, a natse, ba ta dubi kowa ba.

"Yaya, ka yi mai haƙuri. Wanda yat tahi har Goronyo sayen tiyo don kar a gane shi, ba yau za shi iya magana ba. In ka jira shi, albasa ta ruɓe."

Ko wannan ne ya zabure shi, ko kunyar ce ta kai inda ba ta da gaba, oho. Ya durƙusa gaban Maccido, dattijo da furfurarsa, ya ce, "Ina biɗar aurenta. Na daɗe ina biɗa. Kar ka tahi da ita."

Ba zan ɓoye ba, idona ya kawo ruwa. Na ce tabar wani ce ta shige mini.

An ɗaura aure bayan cirar albasa. Rijiyar gari kuwa can gangare aka haƙa ta, bayan an gwada, ta kuma ba da ruwa. Da Musaddiƙ ya dawo gyara taswirarsa, ya same mu a gona, ni da ango da amarya. Maigandi ya tone tiyonsa ya shimfiɗa shi a fili, yana kwance a rana kowa na tsallakawa. Musaddiƙ ya buɗe takarda ya nuna siririn layin da ke tsakanin gonakin biyu.

"Baba, yanzu sai in goge wanga layi, a maishe su gona guda?"

Maigandi ya washe baki zai ce i, Turai ta riga shi.

"Bar layinka, ɗana. Gonata tau ta, tashi tashi ta." Ta dubi tiyon, ta dubi mijinta. "Amma ka zana hanyar ruwan ga, ka kaurara ta yadda ko daga sama za a gani. Na gaji da yi ma ƙasa godiya."