Waɗanda Ke Tsaye Gefen Desmond

Desmond Pargeter bai taɓa yin kuskure ba, in dai shi za ka tambaya. Shi ne shugaban masu buga ƙararrawar cocin garinsu, su takwas a da'ira, kowa da igiyar ƙararrawarsa. Aikin ba ya son waige-waige: gaba ake kallo, ta wutsiyar ido mutum ke hango igiyoyin sauran ya san lokacin jan tasa. Desmond kuwa duk alfaharinsa a duniya shi ne a ji ƙararrawa takwas ɗin nan ranar Lahadi.

Sai bugu ya fara hargitsewa. Mai laifi a wurinsa Glenys ce da ke damansa, wai ta tsufa, hannunta ya mutu. Ya yi ta yaɓa mata magana har ta rataye igiyarta ta tafi. Ya koma kan Howard na hagunsa, shi ma ya kama gabansa. Duk wanda aka matso da shi gefen Desmond sai ya zama rago, masu fuskantarsa kuwa gwanaye ne.

Da ya fasa madubin mota na dama da na hagu, matarsa ta ja shi asibiti yana cika yana batsewa. Ya karanta allon haruffa har layin ƙarshe, ya dubi likitar yana murmushin nasara. Ita kuwa ta sa ya kafa ido wuri guda, ya danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Na gefe suka yi ta wucewa, gogan naka yana zaune yana jiran a fara.

Bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa ta ce, "Idanunka lafiya lau, Mista Pargeter. Ƙari ne ya fito maka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai inda jijiyoyin idanun suka gitta juna. Shi ya sa kowane ido ya rasa ganin gefensa na waje."

Ya ce shi bai ga abin da ya rasa ba. Ta ce ai matsalar ke nan.

Aka yi masa aiki, aka dace, gani ya dawo. Ranar da ya koma hasumiyar cocin ya kama igiyarsa ya kalli gaba. Dama da hagu yana ganinsu tar, igiyoyi ne a rataye babu kowa. Su uku suka rage har da shi.

Ɗaya ya tambaya ko a kira Glenys.

"Na kira ta," in ji Desmond. "A ƙauyen gaba take bugawa yanzu."

Kunya ta rufe shi, amma lokacin bugu ya yi. Ya ce a ja, su ukun suka ja, duk garin yana jin ƙararrawa uku.