Giya Daidai Muryar Kaka

Mota ɗaya ce a gidan Norifumi, ja, mai ƙofa biyu, ta girmi aurensa nesa ba kusa ba. Da ita yake zuwa rumbun kabeji inda yake aiki, da ita ake cefane, da ita kuma yake hawa dutse ranar hutu shi da abokansa su yi tsere suna shan kwana. Tayoyin baya ne ke tura ta, kuma a tsakaninsu akwai wani tulun ƙarfe da haƙoran giyar baya suke ciki. Wannan tulun ne ya kusa raba shi da motar.

Gajiya ya yi da kallon ƙeyar abokansa a hawan dutse. Sai wata Asabar ya je garejin Baba Okabe ya ce a sa masa gajeriyar giya. Da ta asali, sandar da ke kawo ƙarfi daga inji takan juya wajen sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Da sabuwar kuwa sai ta kusa biyar. Mota ta koma kamar ɗan akuya, da ka taɓa totur sai ta zabura. Baki har kunne ya dawo gida.

Washegari suka hau babban titi zuwa birni, shi da matarsa Kazuha da kakarta. Nan inji ya kama kururuwa, ana magana ba a jin juna, tsohuwa ta toshe kunnuwa da hannu biyu har suka isa. Da suka dawo Kazuha ta ce ba za ta ƙara saka kakarta a injin niƙa ba. Ko ya san yadda zai yi kafin ƙarshen wata, ko a canza motar da ƴar ƙaramar bas irin ta maƙwabta. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa ya san da gaske take.

Kaka Fusae ita ta goyi Kazuha. Da can ita ce sarkin tsiya a gidan, kullum tana ce wa Norifumi ya auri mota ya bar jikarta a dakon fetur. Amma mantuwa ta cinye ta a hankali, tun bara ta daina magana gaba ɗaya. Kowace safiya shi yake kai ta gidan yinin tsofaffi kafin ya wuce aiki. A hanyar akwai wani yanki da aka tsattsaga kwalta da ƙananan layuka, da allo mai cewa a riƙe gudu a hamsin. In ka riƙe, sai gurzar tayoyi a kan layukan ta rera waƙar dashen shinkafa ta kwarinsu. Sun bi ta kai ba adadi, Kaka ko waiwayowa ba ta taɓa yi ba.

Ranar Litinin ya ɗora allurar maleji a kan hamsin kamar kullum, zuciyarsa na can wurin bas ɗin maƙwabta. Sai ya ji waƙar ta fito daban. Ta yi ƙasa, ta yi nauyi, tana tafe a hankali kamar mai ɗaga ƙafa cikin laka. Yana cikin tunanin ko wani abu ya kwance a ƙarƙashi, sai ya ji wata siririyar murya ta hau kan waƙar daga gefensa.

Kaka Fusae ce. Idonta na kan gonaki, hannunta ɗaya yana sauka yana tashi a kan cinyarta kamar tana soka dashe, kuma kalmomin waƙar suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta ɓata. Ya ƙanƙame sitiyari, yana kula kada ƙafarsa ta motsa a kan totur. Da tsagin ya ƙare, titi ya yi shiru, ita ma ta yi.

Da yamma ya ba Kazuha labari. Ta ce duk dabarar da zai yi don ya tsira da motarsa ya yi, amma kada ya sa Kaka a ciki. Ita Kazuha da asuba take fita aiki gidan burodi, sai Asabar za ta iya bin su. Kuma ko dutse ne ya yi waƙa, maganar kururuwa tana nan.

Baba Okabe da ya ji labarin sai da ya ajiye sifana ya zauna. Ya tuna wa Norifumi ai ranar da ya sa masa giyar ya ce ya dawo a daidaita maleji, bai dawo ba.

"Malejinka ƙarya yake maka, yaro. Juyin sanda yake ƙirgawa, ba na taya ba. Kai kana ganin hamsin, motar tana arba'in da ɗoriya. Masu tsaga titi sun yi waƙar da saurin ƴan makaranta. Wanda ke duƙe cikin ruwa tun safe ba haka yake rera ta ba."

Ya ce abu mai sauƙi ne, a mayar da ta asali, shi kuma Norifumi ya riƙa rage gudu a wurin. Suka mayar, amma abin bai yi ba. A wannan gudun, in ya sa giya ta huɗu sai inji ya riƙa shaƙewa mota na karkarwa, in ya dawo ta uku sai ƙararsa ta danne waƙar. Kaka ta yi ta kallon taga, bakinta a rufe.

Norifumi ya koma gareji. Baba Okabe ya hau tsani ya sauko da wasu haƙora naɗe a tsohuwar jarida, tsakatsaki ne, huɗu da ƴan kai. Ya ce da waɗannan inji zai kwanta luf a ta huɗu daidai gudun tsohuwa, a babban titi kuma zai yi gunaguni amma ba ihu ba. Sai dai a dutse, to, ya shirya ci gaba da kallon ƙeya.

"Masu neman giyar tsere wa ɗan'uwa na gani, masu neman ta tsimin mai na gani," in ji shi yana shafa wa haƙoran jan fenti don ya ga inda suke cizo. "Wanda ya zo a auna masa giya da maƙogwaron kakar matarsa, kai ne farau."

Ya daidaita maleji, ya yanki ɗan farin tef ya manna a gilashinsa inda allura za ta tsaya.

Ranar Asabar Kazuha ta lanƙwashe a kujerar baya, gwiwoyinta na dungurar bayan mijinta. Ya fara bi da su ta babban titi don ta ji da kunnenta. Ta ce ba laifi, ba ta ƙara ba. Sannan ya karya zuwa kwari. Daga nesa ya hango allon, ya sa ta huɗu, ya kwantar da allura a kan tef.

Titi ya ɗauki waƙar. Layin farko ya wuce, Kaka shiru. Na biyu ma ya kusa rabi. Sai hannun nan ya ɗaga daga cinya, muryar ta biyo baya, ta cika motar. A madubi ya ga Kazuha ta rufe baki da hannu, sannan ta jingina goshinta da kujerar kakarta, leɓunanta suna bin waƙar da aka goye ta da ita.

Tsagin ya ƙare. Wannan karon Kaka ba ta tsaya tare da titi ba, sai da ta kai ƙarshen layinta ita kaɗai. Ta ɗan karkato da kai baya.

"Kazuha, ki ce wa mijin motar nan ya juya. Ai baiti biyu ne."

Norifumi ya gangara gefen hanya ya tsaya, don idonsa ya daina ganin titi sosai. Kazuha ta goge fuska da hannun riga, ta dungure shi da gwiwa.

"Ka dai ji. Juya mana, kuma kada ka wuce tef ɗin nan."