Dalma a Hancin Jirgi

…ga shi kuma ya sake zama a kan wutsiyarsa. Hanci sama, tayar gaba tana reto a iska. Ya danna hancin da yatsa, ya saki, ya koma. Ya sake dannawa. Ya koma. Ikon Allah! Ɗan jirgin yaƙi na roba da bai wuce kamu ɗaya ba, yau shi ke yi wa tsoho gardama.

Dalma. Ya manta da dalma.

Gwangwanin ƙwayoyin na nan kusa da kwalbar gam, ko buɗe shi bai yi ba. Takardar kwalin da jirgin ya zo a ciki ta faɗa ɓaro-ɓaro, har da hoto: a zuba nauyi a hanci kafin a manne ɓari biyu na gangar jirgin, in ba haka ba baya ya rinjayi gaba. Ya gani, har da gyaɗa kai… Shekara talatin da ɗaya yana makanikin jiragen gaske, shi ke auna su, shi ke yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kan nauyin gaba da na baya — yau a ce shi? Da abokan aikinsa za su leƙo, da sun yi dariya har da riƙe ciki.

Ƙarfe huɗu 'yarsa za ta zo. Yanzu uku ta gota. Agogon nan ma kamar korarsa ake yi.

"Baba, in ka gama shi kai kaɗai, na bar ka a ɗakinka. In ya gagara, ka tattara ka dawo gidana, ba musu." Haka 'yarsa ta ce da ta ajiye kwalin a teburin nan, mako shida da suka wuce. Uwata ke nan, mai sunan mahaifiyarsa, taurin kai kamar me… to wa ta gado? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba mugunta ba ce, ya sani. Ita ta tsince shi a ƙasa ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, kofi a fashe, baki a karkace. Tsoro take ji. Shi ma yana ji, ƙarya ne ya ce ba ya ji. Amma ɗakin nan fa? Tagar da rana ke shigowa ta sauka daidai kan tebur, kujerar marigayiya matarsa da har yau ba ya zama a kai… a ce ya rufe, ya miƙa makulli?

Mako shida, duk hannun hagu ne ya yi aikin. Shi ya yanko guntaye, shi ya goge bakin haɗi har layin ya ɓace, shi ya shafa fenti ruwan toka hawa uku. Tambarin fukafuki, waɗannan siraran da ake jiƙawa a ruwa, guda biyu kawai ya yaga. Gilashin matuƙi tas, gam bai dusashe shi ba. Na dama kuwa — sai dai a ɗora shi a kan abu ya danne, kamar dutse. Likitar da ke motsa masa yatsu ta ce, "Baba, ka daina lallashinsa, ka ba shi aiki." Aikin me? Hannun da maɓallin riga ya fi ƙarfinsa?

A ɓalle gangar? Fenti ya tashi, mako shida sun bi ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. To a ɗiga gam a tayar gaba, a manne ta a katako? Yarinyar ba za ta gane ba, ina ta san jirgi… Shi fa? Shi zai gane. Kullum ya buɗe ido ya ga jirgin da aka ɗaure wa ƙafa. A'a.

Tsaya. Ramin tayar gaba — ai a ƙarƙashin hanci yake, kuma cikin hancin fanko ne. A wurin aiki ba a taɓa cewa jirgi ya lalace sai an nemi ƙofa an rasa. Ya kifa shi a hankali, kada siririn ƙarfen hanci ya karye. Tsinin wuƙa. Juya… juya… robar tana nannaɗowa fara. Ya huje! Ɗan rami, iyakar shigar ƙwaya ɗaya.

Hantsaki. A tsoma ƙwaya a farin gam, a kai bakin ramin, a saki. Ɗaya. Ya ji ta faɗa ciki, ƙis. Biyu. Ta uku ta suɓuce, ta gangara ƙarƙashin gado — je ki, Allah ya raka taki gona. Uku. Marigayiya takan ce, "Kai da jiragenka, ko ni ba ka kallo haka." Ƙarya take, yana kallonta, ba ya dai bari ta kama shi ne… Bakwai. Yatsu na rawa, gumi na shiga ido. Sannu ba ta hana zuwa. Goma sha ɗaya.

Ya juyo shi, ya dire a kan tayoyin baya, bai saki ba tukuna. Ya sassauta yatsu kaɗan. Hancin ya yi sama… ya tsaya… yana saukowa. Bai taɓa tebur ba, amma bai koma ba. Ƙwaya ɗaya. Biyu ma dai, don kwanciyar hankali.

Takun takalmi a baranda. Tun yanzu? Huɗu ba ta yi ba, wannan yarinya!

"Baba? Salamu alaikum. In shigo?"

Jirgin yake kallo, da hannun hagun da ke tallabe da shi tun ɗazu, tun da ya kifa shi, bai sake shi ba ko sau ɗaya… To wa ya huda ramin? Hantsakin nan da ke rawa, da ƙwayar dalma a bakinsa, bai sake ta ba — a wane hannu yake?